Gaisuwar da Ta Ci Mini Yanke

Ranar da zan fara tuƙa jirgin wasa na intanet daga Yamai zuwa Tawa, sai da na tara 'yan fadarmu, abokan hira da shan shayi, su ga gwani.

Muna sama, mai ba jirage hanya, wani ɗan Maradi, ya ce: "Ga hanyar yanke, juya dama yanzu!"

Murna ta kama ni. Amma ni da tarbiyyata, in amsa ba gaisuwa? Na danne makirho: "Ranka ya daɗe, ina wuni? Ina gajiya? Ina iyali? Ya ruwa wajenku?" Jirage shida na jiran in saki layi.

Da na saki, ya ce: "Lahiya lau. Yanken ya wuce, sai doguwar hanya, ka nufi garin Takanamat."

Har yau, ko hanyar kasuwa na tambaya a fada, sai su ce: "Haba kaftin, ba ka tambayi lahiyar awakinmu ba!"