Waken Surukata da Jawabin Wakili

Ran Talata na sha rana a layin gas tun hantsi har la'asar, rungume da silinda kamar mai rainon jariri. Layi ya matsa in tura ta da ƙafa, layi ya tsaya in zauna a kanta. Da na iso gaba, mai sayarwa ya dube ni da fara'arsa ya ce, "Baba, yanzun nan ya ƙare. Na gabanka ma rabi ya samu." Na ce yaushe za a kawo? Ya ce mota na hanya. Jama'a, motar nan tun watan jiya take hanya, ban san daga wace duniya ta taso ba.

Na dawo gida da silindata fayau, na tarar da maman yara a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu. Dama murhunmu na gas ya tsufa, kai ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sai an lallashe shi. Wata biyu muna ja-in-ja a kan sabon da za a saya. Ita gas take so, ta ce duk wahalarsa in ya shiga silinda ya zama naka, babu mai zama a ofis ya ɗauke maka shi. Ni kuwa na lantarki nake so, don da kunnena na ji wani Ranka-ya-daɗe a rediyo yana cewa kwanan nan wuta za ta wadata har mu rasa yadda za mu yi da ita. Mutum mai irin wannan murya ai ba zai yi ƙarya ba.

"Baban yara," ta ce, "Inna za ta zo cikin makon nan, karo na farko tun da muka tare a gidan nan. Ka zaɓa, gas ko lantarki. Amma don Allah kada ka ba ni kunya a gaban uwata."

Surukata ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, kallo kawai take yi. Sau ɗaya dai ta ce wa 'yarta mijinta mutumin kirki ne, sai dai kome ya ji sai ya yarda. Shekara goma sha tara ke nan ina neman goge maganar nan.

Na fita shan iska, na faɗa shagon maƙwabcina tela, na zayyana masa damuwata. Ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Maƙwabci, kai dai ba ka karanci wutar unguwar nan ba. Ni da nake fama da dutsen guga na haddace ta. Duk ranar da babban mutum zai zo buɗe wani abu, yana dosowa ake kawo wuta, ba a ɗauke ta sai ya bar wurin. Ran Asabar kuma Mai Girma zai zo buɗe famfon bakin titi."

Na ce, "Ba an buɗe shi bara ba?"

"An buɗe mana. Bana sabon fenti aka yi masa."

"Ruwa fa?"

"Kai ma dai! Ana maganar buɗewa kana maganar ruwa."

Tela ya ce bara kafin Mai Girma ya gama jawabi ya goge kayan mutum goma sha huɗu, gaisuwar manyan baƙi kaɗai ta ci awa guda. Ai kuwa washegari na shigo gida da murhun lantarki mai kai biyu, yana ta ƙyalli. Na sa aka gaya wa Inna ta zo ran Asabar. Maman yara ta ce a dafa abu mai sauri. Na ce ina! Inna wake take so, wake za ta ci.

A gaskiya manyanmu sun cancanci yabo. Su suka ce mu bar itace saboda daji, muka bari. Suka ce mu koma gas, muka koma, gas ya ɓuya. Yanzu sun bar wa talaka cikakken 'yanci: ko ya jira a layi a tsaye, ko ya jira a gida a zaune. Ni na zaɓi zama saboda gwiwata.

Ran Asabar aka share titi, aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Inna ta iso da hantsi. Sha biyu saura muka ji jiniya, sai ga wuta bal! Fanka ta juya, firjin da muka mayar ma'ajin kwanuka ya yi gurnani. Maman yara ta ɗora wake da gudu. Inna ta leƙa kicin ta ce, "Masha Allah, ko hayaƙi babu." Wallahi kaina ya yi girma, har na gyara hula.

Ashe Mai Girma bai samu zuwa ba, wakili ya turo, wani siririn mutum mai duba agogo, wai da sauran famfo huɗu a gabansa. Daga tsakar gida na ji shi ta lasifika: "Mai Girma yana gaishe ku. Ya ce ku ƙara haƙuri." Aka yi tafi, ya yanke zare. Ina cewa gyaran murya yake yi, sai na ji jiniya ta sake tashi. Na ɗaga kai, na ga fanka tana rage gudu har ta tsaya.

Inna ta tashi a hankali ta shiga kicin, muka bi ta a baya. Ta ɗebo wake a ludayi, ta matsa ɗaya da yatsa, ya kufce ya bugi bango. Ta ce, "Wa ya zaɓi murhun nan?"

Sai maman yara ta ce, "Ni ce, Inna. Ni na matsa masa."

Inna ta dube ta. "Ni fa na haife ki. Tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya sai kin sosa kunne. Sauke hannun." Ta juyo gare ni tana danne dariya. "Ɗana, murhu dai ba ka iya zaɓa ba, amma ka iya zaɓen mata. Je ka sayo mana burodi."

Na fita kunya kamar ta kashe ni, ga kuma wani daɗi a raina, don matar da na ƙi jin maganarta wata biyu ita ce ta tsaya ta rufa mini asiri. Litinin tun da sassafe zan koma layin gas, ba sai an aike ni ba.

Amma tunda an riga an sayi murhu, ina da roƙo. Ranka ya daɗe, ba mu ce a ba mu wuta kullum ba, mun san ayyuka sun yi muku yawa. Baɗi in za a buɗe famfon nan, ka zo da kanka, ka gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da direbobinsu. Wake awa biyu yake so, in da hali a ƙara rabin awa saboda shinkafa.