Yadda Ake Shafa wa Jirgi Fenti a Kan Turmin Mutane

Kai da ka ɓata Asabar da Lahadinka kana haɗa ɗan siririn kwalekwalen katako mai cin mutum ɗaya, matso kusa. Ni ban yi boko ba, amma daga bakin ƙofata a Kwamba na ga aikin nan kaf, a hannun Taufiq, maƙwabcin ɗakina mai aiki a Abuja. Ka bi yadda ya yi. Na yi maka alkawari jirginka zai yi sheƙi, kuma ba mai sake amsa gaisuwarka a gidan.

1. Zaɓi wuri

Kada ka je bakin ruwa, can ba mai ganinka. Tsakar gidan haya ya fi, daidai inda mata ke shanya. In Maman Adaobi mai ɗakin ƙarshe ta ce, "Oga, ta ina za mu bi mu je bayi?" ce mata ta sunkuya ta ƙasa. Sunkuyo yana gyara ƙugu.

2. Nemi abin ɗorawa

Sai an kife jirgi ake shafa wa gindinsa fenti. Kansa ɗaya ka ɗora a benci. Ɗaya kan kuwa, duba ko akwai tsohuwar da ta tafi asibiti wurin 'yarta mai naƙuda. Jawo turminta. Kada ka kife shi, bar bakinsa a sama, don abin da ya ɗiga kada ya yi asara. In turmin ƙirya ne wanda uwarta ta bar mata, ya fi ɗaukar nauyi.

3. Goge da samfefa, takardar nan mai yashi

Jira sai an baza kuɓewa a rana, iska ta juyo. Garin katako yana ƙara wa miya kauri.

4. Lafta

Bulu za ka saya, irin wanda ba ya fita. Cika burushi har yana zuba.

5. Iya baki

Tsohuwar za ta dawo da albishir ɗin jika a bakinta, ta tsaya turus.

"Ɗan nan, turmina nake gani ko idona ne?"

"Mama, barka da arziki! Ki yi haƙuri, in aka motsa shi yanzu shafin zai ɓaci. Saura shafi na biyu."

"Sunan jaririn 'yata Ummulkhairi fa Laraba ne. Mata za su zo daga Maje dakan fura."

Nan sai ka yi murmushi ka ce, "Mama, ai yanzu akwai inji."

Inji! Ni zan kai wa surukan 'yata furar inji, su koma suna cewa uwar mai jego hannunta ya mutu?

6. Tafi aiki

Ka ce kada kowa ya taɓa, ka hau motar Abuja. Matan Maje ba su ji wannan doka ba, sai suka kama jirgin suka sauke. Cikin turmina bulu ne har gindi, ga wari kamar garejin fentin mota. Muka ari na Maman Adaobi, na sakwara, mai faɗin baki. Kowane bugu gero sai ya yi tsalle, kaji suka riga baƙi cin suna.

7. Gwada ko yana yoyo

Wannan kada ka wahalar da kanka, mun yi maka. Muka birkice jirgin, mai ruwa ya juye kurarsa ta ramin nan da kake cewa nan za ka zauna, muka jiƙa geron kunu. Taufiq, madalla da hannunka, ko ɗigo bai fita ba.

Ga turmina nan na jingine maka a ƙofar ɗaki. Ka kai wa masassaƙi ya kankare shi har ainihin icen ya fito, in sa hancina in ji ƙamshin gero. Kafin nan jirgi yana wurinmu. Maman Adaobi ma ta kama layi, tana da rogon da za ta jiƙa, kuma ka san warinsa.

Gargaɗi: duk wanda ya bi shawarar nan, abin da ya same shi shi ya sani, babu hannuna babu bakina. In kuma an tambaye ka ko jirginka ya taɓa ganin ruwa, ka ce ƙwarai kuwa, cikinsa cike yake.