Hular Mai Girma a Kan Gwadabe

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko a gidan biki bayan ƙofa nake zama. Amma an dakatar da kawuna daga aiki saboda biri, kuma na ga kowa ya yi shiru.

A kan hanyar Rano zuwa Kibiya akwai lambun dabbobi da Mai Girma Sarkin Alkawari ya buɗe mana ana gab da zaɓe. A allon ƙofa an zana zaki da giwa da raƙumin dawa. A ciki kuwa biri ne guda ɗaya, sunansa Gwadabe, sai Kawu Uzairu mai kula da shi. Zakin yana hanya, in ji su. Wataƙila shi ma layin mai ne ya riƙe shi.

Tun da aka gama zaɓe abincin Gwadabe ya daina zuwa. Daga tukunyarmu yake ci. In na tuƙa tuwo ana cire malmalarsa daban, kuma Kawu ba ya kai loma baki sai ya kai masa. Ya zauna bakin keji yana sosa masa baya, yana ba shi labarin tsadar taki. Inna Saude maƙwabciyarmu ta ce, "Malam Uzairu, da haka kake lallaɓa matarka, ai da ba ta yi yaji ba." Kawu ya ce, "Shi Gwadabe bai taɓa tashina da maganar anko ba."

Ranar Laraba na kai tuwon rana, sai ga Mai Girma da jerin motoci ya zo duba lambu. Aka sauke ayaba mai kyau. Ya miƙa wa Gwadabe ɗaya, mai hoto ya ce a sake, Mai Girma ya janye ayabar. Ya ƙara miƙawa, ya ƙara janyewa. Da hoto ya yi kyau sai aka mayar da ayabar mota, wai akwai wata ziyarar a gaba. Mu mun saba da irin wannan, shi Gwadabe bai saba ba. Ya zuro hannu ta waya ya fizge hular Mai Girma, ya haye can sama ya kafa ta a kansa. Ashe ranka ya daɗe sanƙo gare shi.

"Wa ke kula da tarbiyyar wannan dabba?" in ji Mai Girma.

Kawu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yunwa ce."

Nan take aka dakatar da shi, aka ce wa maigadi kada ya sake barinsa ya shiga. Aka ba wa ɗan ƙanwar Mai Girma aikin, wanda ke zaune a Kano, kuma ko kyanwa tsoronta yake ji. Sannan aka kafa kwamitin ƙwato hula. Ni dai na yaba. Rijiyarmu ta ƙafe tun bara ba mu samu kwamiti ba, amma hula ta samu nata kafin la'asar.

Abin da ba na dariya ba shi ne Gwadabe ya daina cin abinci. Maigadi ya jefa masa rogo, ko kallo bai yi ba. Kawu kuma yana bayan katanga yana kiran sunansa, shi ma ya ƙi ci. Inna Saude ta ce, "Afra'u, ki yi wani abu, kafin mu yi zaman makoki biyu."

Washegari da safe na ɗumama tuwo, na zuba a kwanon Kawu, na sa hijabina. Da na isa ƙofar lambun na ce wa maigadi, "Baba, Kawu aka hana, ba kwanonsa ba." Ya kau da kai.

Gwadabe ya sauko da hula a ka. Ya shinshina kwanon, ya karɓa, ya cinye tas. Da ya ƙoshi bai ko dube ni ba, sai ya juya mini baya. Na ce a raina, lallai hular ta fara aiki.