Rasuwar Sarƙaƙiyar Garkar Malam Dabo

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe, Malam Dabo na Ƙofar Marusa, tsohon hedimasta, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda suka riga kowa sani saboda dalilin da su suka bar wa kansu, rasuwar sarƙaƙiyar garkarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsaye, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya. Malam bai yarda mutuwar Allah da Annabi ta yi ba.

Marigayiyar ba wanda ya shuka ta. Da kanta ta tsiro a daminar da aka raba garkar gado tsakanin Malam da ƙanensa Hashimu, rabon da aka yi maganganun da ba su dace da takardar ta'aziyya ba. Daidai kan iyaka ta fito. Wani zai tumɓuke ta tun tana ƙarama, amma Malam ya tsuguna ya yi mata kewaye, ya riƙa ba ta ruwa kafin ya ba alayyafonsa. Cikin shekara uku ta fi mutum tsawo. Ƙofar gidan Malam tana kallon wani lungu, ta Hashimu tana kallon wani, kowa da masallacinsa, don haka garkar nan ta bayan gida ce kawai za ta iya haɗa su ido da ido. Marigayiya ta ɗauke musu wannan nauyi. Malam ya san Musulmi ba ya ganin ɗan'uwansa ya ƙi gaishe shi, ya ma koyar da hakan a aji shekara da shekaru. To amma ai sai an gani.

Ta kasance mai riƙon amana, marar son kai. Akuya ba ta taɓa ratsa ta ba, gaisuwa ma haka. Ba ta san sani ba, ba ta san sabo ba: sau biyu tana yaga babbar rigar Malam, sau biyu yana yafe mata. Za a daɗe ana tuna muryarta, "kyaaat!" idan ta kama gefen zane, da "shuuu" idan iska ta kaɗa. Wannan shuuu ɗin ne ke rufe tarin Hashimu daga can ɓangaren, tarin da Malam ba ya son ji saboda sak na mahaifinsu ne. Ta sha jarrabawa a rayuwa. An sare ta da adda, ta tofo biyu a gurbin ɗaya. An taɓa yi mata feshi daga hannun da ba a san ko na wane ne ba, ta zubar da ganye sati guda kamar mai mura, ta miƙe.

Ciwon ajali ya same ta a ƙarshen damina. Ganye ya yi rawaya, ya nannaɗe, cikin sati uku reshe ya fara karyewa ƙaras a hannu. Malam ya sa tabarau ya durƙusa ya duba majinyaciya da kyau. A gindin kowane itace, kamar yatsa biyu daga ƙasa, ya tarar an yi yanka a karkace an shafa wani abu a ciki, ga warin maganin ciyawa yana tashi. Nan ne jikinsa ya yi sanyi. Ɗan koyo ganye yake fesawa. Sai wanda ya san aiki ne zai ji mata rauni ya sa maganin tsurarsa ba sirki, kuma ya jira lokacin da itace ke janye abincinsa zuwa saiwa, don ta kai wa kanta dafin har ƙasa. Malam ba ya zargin kowa, amma yana tuna wa jama'a cewa Hashimu shekara talatin ya yi yana malamin gona a Batagarawa.

Da nan maganar ta tsaya da sauƙi. Sai dai rabin yankan daga ɓangaren Malam aka yi shi, ga kuma sawun ƙaramin silifa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mai ɗakinsa Sabuwa, wadda da can sai an roƙe ta take leƙa garka, kwanan nan kullum tana ciki. Ya lura ta ƙunsa lalle har gwiwar hannu babu biki babu suna, a ƙarƙashin lallen kuwa duk karce ne. Ya tambaye ta cikin natsuwa.

"Malam, ni mi na sani da ƙaya? Yakuwa na tahi tsinka."

"Yakuwar bana yakushi take yi?"

Ta ce miyarta na ƙonewa, ta bar shi tsaye. Daga baya labari ya iso masa cewa facalarta Sa'adiya, matar Hashimu, ita ma a satin nan ta yi irin wannan ƙunshi, tsawonsu ɗaya. Ita kuwa Ramla, 'yar Malam da za a ɗaura wa aure nan da sati biyar, ko ɗigon hawaye ba ta yi wa marigayiya ba. An ma ji ta tana waƙa a bakin murhu. Kowa ya san uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa alhali ɗan'uwansa na raye, ƙanin uba ke walicci. Malam ya riga ya shirya zai roƙi liman ya tsaya. Ranar da ya faɗa, Sabuwa ta ce, "Ɗiya da baffanta a bayan gida, a ba da ita ta hannun wani? Mi za mu ce ma dangin miji?" Yanzu da ya ƙirga, kwana huɗu bayan wannan magana ganye ya fara rawaya.

Marigayiya ta bar ƙayoyi da ba su ƙirguwa, da sheƙar kurciya biyu, da ƙadangaru masu yawa da yanzu ba su da uwa, da bushiya guda, da ƙyallen zannuwa na mata daban-daban. Ta kuma bar Malam Dabo a fili.

Don kuwa washegarin rasuwar, yana cikin ba da ruwa, ya ɗaga kai ya hangi wani tsoho ta cikin busassun rassa, gemu fari fat, yana dogara sanda yana jan ƙafar hagu. Sai da tsohon ya yi tari Malam ya gane shi. Bai san Hashimu ya yi furfura ba. Bai san ya yi ciwon da ya taɓa masa ƙafa ba, ba wanda ya gaya masa, shi ma bai tambaya ba.

"Yaya, ina kwana. Ashe haka aka yi rashi? Ya haƙuri?"

Gaisuwar ta'aziyya ba a ƙin amsa ta, ko daga bakin wanda ake tuhuma ta fito. Malam ya ce, "Da godiya." Ya ajiye bokiti ya shiga ɗaki ya ja labule, ranar bai ci abincin rana ba. Ya ce saboda sarƙaƙiya ne, kuma iyalinsa sun yi masa kara sun yarda.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, kafin iska ta tashi. Tun da gawar ba ta ɗaukuwa, a inda take za a ƙone ta, kuma saboda dannin kara na gidajen biyu, dole mutum ɗaya ya tsaya a kowane ɓangare da ruwa. Masu lalle a hannu su kawo kunu. Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a garkar, a tabarma ɗaya. Dangin mijin Ramla kuwa su zo bayan la'asar ranar Lahadi su gaisa da waliyyinta, Malam Hashimu.

Malam Dabo yana son a sani bai janye zargi ba. Ya ba Hashimu waliccin ne, zai kuma zauna daf da shi, don ya sa masa ido da kyau. Ya ce ba zai tashi daga gefensa ba sai ya amsa laifinsa, kuma ba ya gaggawa.