Rasuwar 'Yar Ja, Hular Kwanon Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma zargi bai sake ta ba, Tela na bakin kasuwa yake sanar da dangi, maƙwabta da abokan hawa rasuwar hular kwanonsa, wadda kowa ya sani da 'Yar Ja. Ta rasu ranar Talata da yamma a kwanar gidan mai, ba tare da ta yi jinya ba, lamarin da har yanzu bai kwanta wa Tela ba.

Marigayiya ta yi doguwar rayuwa cikin rufin asiri, rataye a hannun babur na hagu. Daga nan take kallon duniya, tana bugun tanki a hankali, ƙwal, ƙwal, duk ramin da aka faɗa. Ba ta taɓa raina aiki ba. Ta ɗauko zare da maɓallai daga kasuwa, ta kai ƙwai gida ba wanda ya fashe, a shago kuma ita ce ma'ajiyar almakashi. Kan Tela kuwa ba ta hawansa sai an hango jami'an hanya. Nan ma ɗosana ta yake yi kamar murfin tukunya, igiyarta na reto, ana wuce su ta koma mazauninta. Duk tsawon wannan zama ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba.

Tela yana so jama'a su lura da inda ƙaddarar ta faro. Uwargidansa ce ta kai sunansa ƙungiyar mahaya babur ta unguwa, masu horon ƙwarewa duk Asabar, ba tare da ta shawarce shi ba. Mutumin da ya fara hawa tun wasu 'yan ƙungiyar suna rarrafe, shi aka sa yana zagaye robobi a filin makaranta, wai ya kalli inda zai bi, ya daina kallon abin da yake tsoro, wai ya matsa birkin gaba sannu-sannu. Duk wannan ya shanye. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda Koci, mai koyar da su, ya sa wa 'Yar Ja ido tun ranar farko. Ya ciro ta daga hannun babur, ya kifa masa ita har kunnuwa, ya ɗaure igiyar a haɓa ta ce ƙyas, sannan ya cusa yatsu biyu ya gwada, ya ƙara tsukewa. Ya ce wanda bai ɗaure haka ba, ba shi ba shiga fili. Uwargida kuma ta ɗauko dokar ta dasa a ƙofar gida.

Ba a jima da wannan ba aka yi rashin. Wata tifa ta zubar da yashi a kwanar, wata mota kuma ta fito da baya ba ko hon. Tela ya kama birki yadda aka koya masa, gudu ya ragu ƙwarai, amma tayar gaba ta zame, kansa ya sauka a bakin kwalbati. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce ƙwas. Tela ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya tura babur gida, ya ci abincinsa.

A nan zargin ya yi ƙarfi. A waje ɗan ƙwarzane kawai ake gani, amma Koci ya ce ta mutu, wai hular da ta sha bugu sau ɗaya ba ta iya shan na biyu. Tela bai taɓa jin inda ƙwarzane ya kashe kowa ba. Ya tuna Koci yana da aboki mai sayar da huluna. Ya kuma lura uwargida ta ɓoye makullin babur tun kafin a yanke hukunci, to wa ya tsegunta mata? Biri ya yi kama da mutum. Ya rantse gobe da 'Yar Ja zai fita, ita kuma ta rantse makulli ba zai fito ba, har dai aka yarda a binciki gawa.

A kan teburin yanka na shagon aka yi binciken. Koci ya ɗage ƙyallen ciki. Farin soson da ke ƙarƙashi ya lotse a gefen hagu, tsaga ta ratsa shi har ƙeya. Uwargida ta sa babban yatsanta a lotsawar, ya shige, sannan ta ɗora shi a kan Tela, saman kunnen hagu.

"Nan ne fa, maigida," ta ce.

Tela yana so a sani cewa ƙurar soso ce ta shiga masa ido a lokacin.

Marigayiya ta bar babur mai madubi ɗaya, safar hannu, rigar ruwa, da kan Tela, wanda ta bari cikin maraici amma ba ko tabo.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a filin horo. Koci zai yanke igiyarta don kada wani ya tsinta ya sayar wa bayin Allah, sannan a kwantar da ita a kan kantar ƙungiya, inda sababbin ɗalibai za su riƙa ganinta. Za a karɓi gaisuwa a shago. Tela bai janye zarginsa kan abokin Koci ba, don haka a wani wuri ya sayo magajiyarta. Duk mai zuwa a kan babur ya zo da tasa a ɗaure. Tela da kansa zai tsaya a bakin fili da yatsunsa biyu, domin yanzu bai yarda da haɓar kowa ba.