Yadda Za Ka Ilmantar da Jikoki a Hutun Lakol Kana Kwance a Tabarma

In an rufe lakol, wato makarantar boko, ɗiyarka ta birni ta sauke maka 'ya'yanta don su yi hutun damina a ƙauye, kada hankalinka ya tashi. Bi matakan nan, yara za su koma da ilimi, kai kuma barcinka na rana ba zai ragu ba. An gwada su a kan Malam Barmo na wani ƙauye kusa da Gangara, wanda ɗiyarsa A'isha ta kawo wa Fahad mai shekara bakwai da Nazira mai biyar daga Maradi. Dukiyar Barmo a bana ita ce gonar bayan gida. Sau biyu ya shuka ta, don ruwan farko ya yaudare shi, kuma irin geron da ya rage masa ke nan a ƙasa.

1. Kwantar da hankalin uwar

Za ta ce maka, "Baba, don Allah kada su manta karatu." Kada ka yi gardama. Gyaɗa kai a hankali kamar mai tuno wani babban littafi. Barmo cewa ya yi, "Ɗiyata, lakol wata tara take. Tawa ba ta da hutu." A'isha ta hau babur da murna.

2. Fara da lissafi

Tura su ƙirga zabi. Ban ce kaji ba, kaza tana tsayawa. Zabuwa kuwa ba ta taɓa jiran a ƙirga ta ba. Fahad ya dawo ya ce sha tara, Nazira ta ce ɗari. Barmo ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ba ku daidaita ba, ku koma." Zabin sha ɗaya ne, amma wannan darasi ya kai har la'asar.

3. Kada ka amsa tambaya

Yaro zai tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka. Nazira ta tsaya a kan Barmo ta ce, "Kaka, in akuyarmu ta ci waken maƙwabcinmu Bappa, wa za a rubuta wa zunubi, ita ko kai?" Barmo kansa tambayar ta shekara tana damunsa. Sai ya ce, "Tambaya mai kyau. Ku kai wa kakarku Laraba." Ka sani, rarraba ilimi tsakanin manyan gida shi ma tarbiyya ne.

4. Sakar musu laka

Bayan ruwa, nuna musu inda yumɓu yake, su gina shanu da rumbu. Wannan sana'ar hannu ce. Wanke yaran ba ya cikin darasinka. In ka ji Laraba tana cewa, "Malam, waɗanga jikokinka ne ko tukwane?" to ka juya fuskarka bango.

5. Haɗa gasa

Nan ne gwaninta take. Sa yara su yi maka aiki suna ganin wasa ne. Barmo ya tsaya a bakin zaure ya nuna gonar bayan gida da baki. Ya ce duk wanda ya fi tara ciyawa, shi zai zauna gaban amalanke ya riƙe igiyar sa ranar kasuwar Gangara. Ya rantse. Bai taka zuwa gonar ya nuna musu ciyawar ba, domin a ganinsa babu ɗan Adam da bai san gero ba. Ya manta yaran nan a buhu suka san shi.

6. Tashi a hankali in an tashe ka

"Kaka, tashi ka gani!" Nazira ce, ta rungumo ganye kore shar har ba a ganin fuskarta. "Fahad ya tsaya wajen mai ƙaya. Ni na samu ciyawa mai hankali, ta yi layi kamar 'yan lakol!"

Barmo ya dubi jijiyoyin, ya gane geron gonarsa ne. Layi tara ta bi, gindi bayan gindi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ya yi salati sau uku.

Laraba ta fito da ludayi a hannu. "Mi ya faru?"

"Karatu ne," in ji shi.

"To, a sha karatun da nono bana."

A nan kada ka ɗaga murya. Zauna ka auna maganar yadda Barmo ya auna ta. Yarinya ba ta saɓa ba, abin da aka ce ta yi, kuma ta yi shi da zuciya ɗaya. Fahad ne ya ciro ciyawa ta gaskiya, amma ko hula ba ta cika ba. In ya ba Nazira amalanke, ya saka wa ɓarna. In ya hana ta, ya koya mata rantsuwar tsoho iska ce. Ya juya ta ko'ina, laifin a tabarmarsa yake dawowa.

7. Idan komai ya ƙi, ka tashi

Ƙasa na da danshi, hadari kuma ya haɗu a gabas. Barmo ya naɗe wando, ya ce kowa ya biyo shi. Shi yana huda rami da sanda, Fahad yana dasa geron da aka tumɓuke uku-uku, Nazira tana dannewa da ƙafa. Ya sa su shafa ganyen gero, su shafa na ciyawa, har suka iya bambancewa ido rufe. Ruwa ya same su a layi na shida, suka ƙarasa a jiƙe suna tsalle.

Layi bakwai suka kama, biyu suka bushe. Ranar kasuwa yaran biyu suka riƙe igiyar sa, Nazira tana nuna kowace gona tana ihu, "Gero! Kada a taɓa!" Barmo yana kwance a bayan amalanken bisa buhun wake, bayansa ya ƙi miƙewa.

Gargaɗi: mai wannan shawara ba ya da hannu a abin da zai sami gonarka, ko kwankwasonka, ko zamanka da uwargida. In yaran suka ce baɗi ma nan za su yi hutu, kamar yadda na Barmo suka ce, kai ka jawo.