Ƙazafin da Na Yi wa Jaririya

Da matar Dakta Sani ta haihu, na rantse ba zan je barka da dabino kamar kowa ba. A wani shago a unguwar Najma na ga wani ɗan itace mai ƙaya, girman kan mutum, ga ɓararrensa a roba an naɗe da leda rufi uku. Mai shago ya ce sunansa durian, wai na taɓa ci?

"Ni da na tashi a gonar gwanda? Yalla, maza kawo!"

A falon Dakta na buɗe robar na ajiye gefen kujera, sai aka miƙo min jaririya in yi mata addu'a. Wani wari ya taso, kamar albasa ta ruɓe a kwata. Na yamutsa fuska na ce, "Dakta, amaryar nan ta yi aika-aika."

Sau biyu maijego tana duba famfas, tas yake. Aka ƙara turaren wuta, abin ya ƙi. Sai maƙwabciyarsu Sista Rifkatu ta bi warin da hanci har gaban ƙafata.

Ta nuna robar ta ce min, "Injiniya, ci mu gani."

Aka kora ni baranda da robata. Wallahi daɗi, kamar madara da zuma! Na cinye tas ina gumi.

Yanzu shekarar yarinyar huɗu. Duk sanda na shiga gidan, Dakta sai ya ce, "Amira, ga wanda ya yi miki ƙazafi. Kin yafe?"

Hanci take toshewa.